Harsashin Dorina

Ƙanena kwale-kwale yake tuƙawa a ƙauyenmu da ke bakin kogin Kwara, ƙasan Yauri. Ranar kasuwa ya tsallakar da mutane, sauran ranaku ya jefa koma. Ni kuwa ina Dubai ina aikin gashin ƙashi a wani ƙaramin asibiti, ina zaune a unguwar Al Qusais. Ina cikin jirgin ƙasa na metro zan koma gida Kawu ya kira ni. Ya ce dorina ta kife jirgin ƙanena da safe yana dawowa daga tsallake. Fasinjojin sun yi iyo sun fita. Shi ta kama a ƙugu, sai bayan azahar aka tsamo shi daga cikin ciyawar bakin ruwa.

Ban samu jana'iza ba. Kowa ya ce in yi haƙuri, na ce na yi. Amma da na rufe ido sai in ga kan dabbar nan a saman ruwa tana kaɗa kunnuwa, tana nan inda ta saba, babu abin da ya same ta. Ban taɓa tsanar mutum yadda na tsane ta ba.

A cikin waɗanda nake yi wa gashi akwai wani dattijo ɗan Kanada, injiniyan mai. Bugun da bindiga ke yi masa in ya harba ne ya lalata masa kafaɗar dama, don duk shekara yakan tafi Alaska farautar beyar, wata dabbar daji mai gashi da farata, irin manyan nan da suke kira girizili, waɗanda in sun miƙe tsaye sun fi ƙofa tsawo. Yana kwance ina murza masa kafaɗa, shi kuma yana ta surutu a kan harsashin da zai ɗauka a bana. Ƙarami yana da sauƙi a kafaɗa, amma in beyar ta taso maka ba lallai ya tsayar da ita ba. Babba yana kayar da ita, amma zai mayar da shi kan gadona. Da can ji kawai nake yi ina cewa to. Bayan rasuwar sai na fara sauraro.

Wata rana na ce, "Yallaɓai, dorina fa? Da me ake kashe ta?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce ai ba ɗaya ba ne. Harsashin beyar ana so ya buɗe in ya shiga tsoka, ya yi ɓarna a ciki. Na dorina kuwa mai tauri ake nema, wanda ba ya lanƙwasa, don ƙashin kanta zai fasa. Ya ce bindiga mai lamba uku-bakwai-biyar tana yin aikin biyun, kan harsashin kawai ake canzawa. Ya taɓa gefen kansa, tsakanin ido da kunne.

"Nan. Wurin bai fi tafin hannunka ba. Ka taɓa harbi?"

"A'a."

"To ita za ta kashe ka, likita. Me ta yi maka?"

Na gaya masa. Ya ce, "Dabba ce. Ba ta san ko wane ne shi ba."

Na ce, "Ni na san ta."

Tun daga makon na fara zuwa wani kulob na koyon harbi ranakun hutuna. Ana ba ka bindiga da abin toshe kunne, malami yana tsaye a bayanka yana cewa shwayya shwayya, wato a hankali, ka saki numfashi tukuna. Ni takardar da ake kafa mini in harba ba takarda nake gani ba. Kafaɗata ta kumbura, ta yi baƙi, na ci gaba da zuwa. Na kira Kawu na ce ya bincika mini yadda ake samun lasisin bindiga da izinin hukuma kafin in zo hutu.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba aikinka ba ne. Ka yi masa addu'a."

Na ce, "Ina yi, Kawu. Wannan daban."

Hutuna bai zo ba dorinar ta sake kife wani jirgi, ta karya wa wata mata ƙafa. Hukuma ta ba da izini, aka kira maharba. Ba su da uku-bakwai-biyar, bindigogin toka ne da mashi. Yini guda suka yi a kanta. Kawu ya turo mini bidiyon, na zauna a matakalar bayan asibiti na kalla. Ga ta an jawo ta kan yashi da igiyoyi, jini yana bin gefen bakinta, ƙafarta ɗaya tana motsi har lokacin. Ko kaɗan ban ji tausayinta ba. Na mayar baya na sake kallon motsin ƙafar nan har wayar ta yi zafi a hannuna. Abin da ya ƙona mini rai kawai shi ne sun riga ni.

Na tambayi Kawu ko ya tabbata ita ce. Ya ce waɗanda suka tsira daga jirgin ƙanena sun shaida ta. Aka raba naman gida-gida. Da aka kawo namu, Inna ta ce ba a tukunyarta ba, a fitar mata da shi. Na ce wa Kawu kada a ba kowa, a jefa wa karnuka, amma ya karɓo mini fatar bayanta a wajen maharban.

Ya kai wa wani baduku ya yanke ta, ya shanya, ya murɗe ta ta zama bulala. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa sayen kaya ya kawo mini ita a naɗe cikin buhu, muka haɗu a unguwar Satwa na karɓa. Da na koma ɗaki na rufe ƙofa, na tsula wa katifa ita har hannuna ya gaji. Sannan na kafa ƙusa a bango, na rataye ta inda zan riƙa ganinta daga kan gado.