Agogo Biyu a Motar Allurar Shanu

A shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai ni direba ne a ma'aikatar kula da dabbobi, aka tura ni Jibiya da wata ƙaramar jif mai rufin tamfol. Aikinmu bin rugage muna yi wa shanu allura, musamman garkunan da ke shigowa daga ƙasar Faransi, wadda yau ake kira Nijar. Ina tuƙi, malamin dabbobi yana gefena da akwatin allurai a kan cinya. Ba mu cika wata huɗu ba ya kwanta ciwo, aka ɗauke shi zuwa Katsina, daga can aka wuce da shi garinsu. Ni kuma aka aiko mini da takarda cewa in zauna da motar in kula da ita, za a turo wani.

Na zauna. An ba ni ɗaki a Magama, bakin iyaka, bayan ofishin kwastan, motar kuma na yi mata rumfar zana. Kullum da safe in goge ta, in tayar da inji ya yi ɗumi, in kashe. Aikin yini ya ƙare ke nan. Sauran lokacin sai in zauna a kan bonet ina kallon manyan motocin gyaɗa suna tsayawa a shinge, ana duba takardu, suna wucewa. Ni mutumin Zariya ne, ban san kowa ba. In na yi magana a kasuwa sai mai tumatir ta maimaita abin da na ce tana dariya, ba da mugunta ba, amma dai na koyi yin shiru. Matata ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari tun kafin in taso. Da takarda na ji ta sauka lafiya, mace ce. Aka yi suna ina nan ina goge gilashin mota.

Motar tana da wani hali da ya daɗe yana damuna. A gabanta ba komai sai agogon gudu, da wata allura ta batir, da 'yar fitila da ake cewa takan kama in baƙin mai ya yi ƙasa. Ba abin da zai gaya maka inji ya yi zafi. Hanyoyin rugage kuwa yashi ne zalla, mota na tafiya da ƙaramar giya tana nishi. Sau ɗaya a wajen Mazanya ba mu ankara ba sai tururi ya turnuƙe gabanmu, muka yini a ƙarƙashin aduwa. Tun daga ranar nake tuƙi da hanci, ina shinshina ko zan ji ƙauri.

Akwai wani tsoho mai faci da ke zama a gindin tsamiya kusa da shinge. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya yi sojan Faransi, a can ya koyi kanikanci, a can kuma kunnensa na hagu ya mutu. Dole ka zagaya damarsa in za ka yi masa magana. Shi ma ba mai yawan hira ba ne. Na fara zuwa wurinsa ne don akwai inuwa. Sai mu yini yana goge tuf da magagari, ni ina riƙe masa, ba mu yi magana goma ba.

Wata rana na ba shi labarin Mazanya. Ya gama manna facinsa, ya ɗora dutse a kai, sannan ya ce, "Gobe da sassafe ka zo. Ka taho da sufana."

Muka tsallaka iyaka da ƙafa. 'Yan duwan, wato kwastan na wancan ɓangaren, sun san shi, hannu kawai ya ɗaga musu. Bayan wani kangon gida muka tarar da gawar wata babbar mota, irin wadda suke ce wa kamyo, ba taya, ciyawa ta fito ta cikin kujerun. Ya ce tasa ce. Ita ya samu bayan ya bar soja, ya yi shekaru yana jigila da ita har injin ya kama.

Ya hau da ƙyar, ya share ƙurar allon gaba da hannun riga. Agogo biyu suka bayyana, baƙaƙe, da rubutun Faransanci a jiki.

"Wanga na zafin ruwa ne, wanga na ƙarfin mai," ya ce. "Na man ya shekara yana gaya mini za ta mutu. Ban ji ba."

Na ce, "Baba, ai kayanka ne."

"Mi zan yi da su? Kwance, amma a hankali. Wannan siririyar wayar ta agogon zafi, in ka lanƙwasa ta ko ka yanke, shi ke nan ya zama kwalliya."

Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari ina zare wayar kaɗan-kaɗan, ƙadangaru suna gudu ta kaina. Doguwa ce, a ƙarshenta akwai wani ɗan ƙarfe kamar yatsa, shi ne ke shiga cikin ruwan inji. Na naɗe ta kamar faifai, na haɗa da agogunan biyu na sa a hulata.

Da muka dawo bai bari na taɓa mota ba. Ya sa na hura wuta na ɗora buta, da ruwan ya tafasa ya tsoma ɗan ƙarfen a ciki. Muka sunkuya mu biyu. Allurar ta yi kamar ba za ta motsa ba, sai ta girgiza, ta fara hawa, ta je dab da ɗari ta tsaya. Tsohon ya yi murmushi, ranar na fara ganin cewa ba shi da haƙoran sama. Ya ɗauki ƙusa ya karce gilashin ƙasa kaɗan da wurin.

"In ta kai nan, tsaya. Ko wa ke cikin motar."

Ɗaurawar ta ci mu kwana huɗu. Ban so in huda allon motar gwamnati ba, saboda haka muka yanko falle daga ƙofar kamyon, na yi ramuka biyu da kurfi, na bi su da magagari har agogunan suka zauna daram. Tafin hannuna duk ya yi bororo. Muka ɗaure fallen a ƙarƙashin allo da notocin da ke wurin tun asali. Matsalar da ta fi tsayar da mu ita ce haƙoran noti. Na Faransi ba sa shiga na Ingilishi. Ka murza sau biyu sai ya cije. Na so in tilasta shi, tsohon ya riƙe mini hannu. Ya ɗauki notin motata da na tasa motar ya tafi da su wajen wani maƙeri a cikin gari, suka haɗa su baki da baki da narkakkiyar tagulla. Haka ya yi wa na ruwa, haka ya yi wa na mai. Siririn bututun jan ƙarfe da ke kai mai ga agogo kuma ya sa na yi masa murɗi biyu kamar awarwaro kafin ya kai ga allon mota, wai don kada girgizar hanya ta karya shi.

A kwanakin nan huɗu ne kawai na manta ni baƙo ne. Tare muke cin abinci a rumfar, yana ba ni labarin garuruwan da ya je da sunaye masu wuyar faɗi.

Ran da muka gama na tayar da inji. Allurar mai ta tashi nan take ta tsaya a tsakiya. Ta zafi ta biyo baya a hankali. Na ce ya shiga mu zagaya ya gani, ya ce a'a, akwai mai jiran faci. Ya tattara kayansa ya koma gindin tsamiya. Na zauna ni kaɗai a cikin motar da ba ta zuwa ko'ina, ina kallon allurai biyu.

Bazara ta yi tsanani. Wata rana da hantsi wani mutum ya iso ofishin kwastan a kan keke, jikinsa duk jini. Daga wata unguwar Maguzawa yake, can bayan Riko. Ya ce san noma ya soki wansa a ciki, an gaya musu akwai motar gwamnati a nan. Babban ma'aikacin kwastan ya dube ni ya ce, "Tafi. In an tambaya ni na sa ka."

Na cika garwa da ruwa, muka bar keken. Mun tarar da mutumin a kwance kan ƙyauren kara a inuwar rumbu, an ɗaure masa ciki da zane. Ƙato ne, amma leɓɓansa sun yi fari. Yana magana, har ya ce mini sannu da zuwa. Muka shimfiɗa shi a baya, matarsa ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, da goran ruwa a gefenta. Ƙanen ya zauna kusa da ni.

Asibiti sai Katsina, kafin a hau babbar hanya kuma sai an ratsa yashi mai nisa, ga rana ta take. Ba mu yi nisa ba na ga allurar zafi tana hawa. Na rage wuta, ba ta sauka ba. Ta kai kan karcen. Na tsaya.

"Lafiya?" in ji ƙanen.

"Inji ya yi zafi. Sai ya huce."

Ya leƙa gaba. Ba tururi, ba hayaƙi, motar lafiya lau a idonsa. Na nuna masa agogon. Ya dubi agogon, ya dube ni. Na buɗe bonet, na juya gaban motar wajen iska, na yayyafa wa lagireto, tankin ruwan inji, ruwa, na jira allurar ta sauka kafin in buɗe murfi in ƙara. Ina jin numfashin mutumin daga baya.

Tsayawa ta biyu ta fi ta farko daɗewa. A nan na gane ruwa na zuba ta wajen famfon inji, ɗigo-ɗigo, abin da ba a gyara shi a daji. Garwar ta ƙare. Mutumin ya daina magana.

Mun hau babbar hanya, na ce ko Allah zai sa mu kai a haka. Allurar ta sake komawa kan karcen. Na yi ta kallonta, ƙafata a kan totur. Na san da a ce babu agogon da ban san komai ba, da tafiya kawai nake yi. Na ƙara kamar mil guda, ta wuce karcen. Na tsaya. Ba gari kusa, ba rijiya.

Sai na ji muryar matar. Tun da muka taso ba ta yi magana ba.

"Malam direba, ruwa take so?"

Na ce, "E, ruwa."

Ta miƙo goran ta saman kujera. Na ce, "Ki bar masa, baiwar Allah."

"Zuba mata. Shi ba ya iya haɗiya."

Na zuba. Muka jira, muka tashi.

Muna hango ganuwar Katsina matar ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Na ɗauka wani abu take so. Ta ce, "Juya mu koma gida." Ƙanen ya sauka ya zagaya baya, ya daɗe a can, ya dawo ya zauna ya rufe fuska da hannu. Na samu ruwa a wata rijiya a bakin gari, muka juya. Ba gudu a komawa, rana ta yi sanyi, allurar ba ta ko kusanci karcen ba. Kafin faɗuwar rana muna unguwarsu.

Washegari na tafi gindin tsamiya, na zagaya damar tsohon na gaya masa komai. Na ce, "Baba, da ban tsaya ba fa?"

Ya daɗe yana shafa gam a tuf.

"Wataƙila kun isa. Wataƙila inji ya kama tun cikin yashi. Ban sani ba, ɗana. Ni ma na so in sani."

Na so ya ce na yi daidai, ko ya ce na yi kuskure. Ya ci gaba da facinsa. Ba ni da wani da zan tambaya. Kwana da kwanaki ko inji ban tayar ba.

Da na zo wanke bayan motar na tarar da goran a ƙarƙashin kujera, an ɗaura masa igiyar rama a wuya. Na ajiye shi a ɗakina kusan mako uku. Sai da aka yi ruwan farko, na gyara famfon da abin da tsohon ya samo mini, sannan na ɗauki goran na nufi bayan Riko.

Na sami matar a gona tana shuka, ita da wasu mata biyu. Ta gane motar tun daga nesa, ta ajiye ƙwaryar iri ta taho. Na sauko na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya irin tamu, don ban san irin tasu ba. Ta amsa. Na miƙa mata goran.

Ta jujjuya shi ta ce, "Saboda wanga ka taho?"

Na ce e.

Ta leƙa cikin motar ta taga, ta tsaya tana kallon agogunan nan biyu. Na jira ta tambaye ni. Na shirya abin da zan ce tun a hanya, cewa da na sani, cewa ban san ko daidai na yi ba. Ba ta tambaya ba. Ta ce in zauna a inuwa, ta aika aka kawo mini ruwa da garin gero a ƙoƙo. Na sha. Ta ce sun sayar da san noman, ba wanda ke iya kallonsa. Daga nan ta ce ƙasa na bushewa, ta koma bakin shukarta.

Na daɗe zaune a gindin bishiyar ina kallonsu suna tafiya a jere, suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in ƙara zama. Da rana ta karkata na ajiye ƙoƙon a inda za ta gani, na tayar da mota.