Gwaggo da Salatif ɗin Auta

Kowa a ɗakin gwaji na ƙasan bene Gwaggo yake ce mata, har Farfesa da ya girme ta. Ɗinki take yi a da, da shi ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar maigidanta, har idonta ya daina ganin kafar allura. Sai ta kama shara a sashen kimiyya na jami'a. Halin tela dai bai sake ta ba: ba ta iya zubar da abin da zai ƙara amfani. Guntun waya, murfin kwalba, duk suna da masauki a aljihunta.

Auta, wadda ta gama digiri bara, ita ce ƙaramar ɗakin. Aikinta kamar wasa ne ga mai kallo. Takan ɗora ƙwayar wani baƙin dutse a kan salatif, ta manna, ta ɓare, ta sake mannawa, har dutsen ya yi sirantar da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Masu nazarin taurari na saman bene suna jira, don ana fatan irin wannan ɓawon zai iya jin raunanan hasken da ke tasowa daga taurari masu nisa. Ta yi watanni tana ɓara kafin ta samu 'yan kaɗan masu kyau. Ta jera su a gefen tebur manne a jikin guntayen salatif, ta tafi gida ba ta sa su a akwati ba.

Da safe ta tarar da tebur fes. Ta zazzage kwandon shara, babu. Tana durƙushe Gwaggo ta shigo.

"'Yata, me ya faɗi?"

"Salatif, Gwaggo. Na kan teburin nan."

"Au, masu dattin nan? Ai ban zubar ba, da sauran danƙonsu." Ta ɗaga tsintsiya cike da alfahari. Ga su nan, an naɗe tsagaggen mariƙin da su tsaf.

Auta ta zauna a ƙasa daɓas. Da ta yi bayani, Gwaggo ta dafa bango tana salati. Duk su biyun sun san dokar kamfanin shara da ya ɗauki Gwaggo aiki: ƙorafi ɗaya daga ɗakin gwaji, aiki ya ƙare. Ga jikoki a gida.

"Zan ce ni na lalata su," in ji Auta.

"Ki yi ƙarya saboda ni? Da furfurata? Taso mu je."

Haka ta shiga ofishin Farfesa, tsintsiya a gaba, Auta na biye kamar wadda za a yi wa allura. Gwaggo ta faɗi komai, ba ta rage ba. Farfesa ya karɓi tsintsiyar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana juya ta.

"Wa ya bar su a buɗe?"

"Ni ce, Farfesa."

"To. Gwaggo ta ga salatif, ta yi masa abin da duk mai hankali ke yi wa salatif. Mu ne masu abin kunya, da muke ajiye dukiyarmu cikin shara." Ya miƙa mata. "Riƙe ta da kyau, Gwaggo. Tsintsiyar nan ta fi ni kusa da taurari."

Bai rubuta wa kamfani komai ba. Ya hau bene da kansa ya ba masu taurari haƙuri.

Auta ta koma ɓara daga farko. Har yanzu takan leƙa akwatinta in ta ga tebur ya cika tsabta. Gwaggo kuwa ba ta ƙara ɗaukar ko ɓawon alewa ba sai ta ɗaga shi sama, ta ƙwala wa ɗakin kira:

"Jama'a, wannan shara ce ko kimiyya?"