Ungozoma da Na'urorinsa Ashirin

Ungozoma muke ce masa a wurin aiki, ko da yake namiji ne mai gemu da tumbi, domin duk sabuwar na'urar da ta shigo ɗakin sanyi a hannunsa take fara numfashi. Manyan kwamfutoci ne da ake jerawa a kanta, kowace tana goye da ƙanana barkatai a cikinta waɗanda ido ba ya gani. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin nan da rigar sanyi mai ɓallallen maɓalli, yana yi musu magana kamar jarirai.

Da can sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da filashi yana ɗura musu manhaja. Da gwiwa ta fara ciwo sai ya yi dabara. Da an jona sabuwa da waya an kunna, ita da kanta za ta nemi manhajarta da sunanta. Amma babbar ma'ajiyar manhajar tana wani gari, saukowa na cin awa uku, don haka ya ajiye wata tsohuwar na'ura a lungu tana riƙe kwafi tana raba wa kowa. Ya sa mata suna Goggo, wai ba ta zubar da komai.

Ranar da zai kai matarsa ganin jikarsu ta fari, jirgin ƙasa ƙarfe biyar zai tashi. Shugaban sashe ya ce ba hutu sai sababbin na'urori ashirin sun tashi. Yana cikin shirya jerin sunayensu, irin lambobin nan marasa daɗi, matar ta bugo waya.

"Baban yara, ɗauki biro."

"Ba ni da biro."

"Shekara talatin ba ka da biro. To rubuta a goshinka."

Sai ya buga saƙon nata na kasuwa a shafin da ke buɗe gabansa, a kan jerin sunayen. Can ya farga, ya yi salati, ya gyara a babbar ma'ajiya, ya danna kunnawa, ya tafi neman takalminsa. Ya manta Goggo ta riga ta kwashi jerin farko ta adana.

Ƙarfe huɗu saura ya dawo ya tarar duk sun tashi lafiya lau. Ta farko sunanta Sabulu. Ta biyu Albasa.

"Goggo, kin kashe ni!" in ji shi. "Ni da na ɗauko ki daga bola?"

Gyaran na nufin a wanke wa Goggo ciki a sake saukowa, awa uku cur. Yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa shugaban ya shigo, ya gyara tabarau, ya hau karanta allo.

"Ashana. Man shafawa. Hular jaririya, ba ja ba. Malam, mene ne wannan?"

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. Wa zai tuna lamba? Amma ka taɓa ganin wanda ya manta albasa?"

"Suna aiki?"

"Albasa ma ta fi kowa sauri."

Shugaban ya ci gaba har ƙasa, fuska ba annuri. Ta goma sha tara sunanta Sha maganinka. Da ya kai ta ashirin ya dubi agogo.

"Wannan ta ce kar ka makara. Ni ban isa in ja da ita ba. Ɗauki takalminka."

Ya samu jirgi da kyar. Hular kuwa ja ya saya.

Ba a taɓa canza sunayen ba. Har yau za ka ji babban mutum da nakatayi ɗaure a wuya yana ihu a waya wai Sabulu ta ƙi tashi. Kullum da safe allo yakan nuna wa Ungozoma cewa Sha maganinka tana lafiya, shi kuma ya ce "Na ji, Hajiya," ya haɗiyi ƙwayarsa. Matarsa ta ce a gida bai taɓa jin maganarta haka ba.

Watan jiya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rigar sanyin tana nan rataye a bayan ƙofa, kuma na kasa cire ta. Jiya aka kawo sabuwar na'ura, ba ta da suna tukuna. Na buga wa matarsa waya na tambaye ta ko akwai abin da take bukata daga kasuwa.