Haƙori Ashirin da Tara

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida yana kai masu haƙa rijiya ƙauyukan da titi bai isa ba. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Ba-Hanya, don in aka ce masa babu hanya sai ya ce, "To, ku riƙe ƙarfe da kyau." Motar da yake ja wata tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, gajera, mai faɗin goshi. Da ya yi ritaya aka yi gwanjonta, ya rasa inda ta shiga. Bayan shekara tara ya tsince ta a bayan wani gidan gona, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. A ranar ya sa aka jawo ta gida da igiya.

Matarsa ta leƙo, ta dubi abin da aka shigo da shi, ta ce, "Malam, ina kajin? Ai da su ka kawo da mun ƙaru."

Shekara uku yana haɗa ta guntu-guntu a ƙarƙashin rumfar kwano. Fitila daga wannan kasuwa, madubi daga waccan, sitiyari kuwa a hannun wani mai walda ya same shi, ya mai da shi marataya. Wajen fenti ya kwance ƙofa guda ya kai wa mai haɗawa, ya ce irin wannan yake so. Mutumin ya shafa ƙofar ya girgiza kai.

"Baba, wannan ba launinta ba ne, aikin rana ne."

Ya sa wuƙa ya ɗaga robar gefen ƙofar, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Sai ga kore mai duhu, shar kamar ganyen mangwaro bayan ruwa. Kawu ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. Ɗigo-ɗigo aka haɗa, ana shafawa a kwano ana jira ya bushe, don mai haɗawan ya ce ɗanyen fenti maƙaryaci ne.

Abu ɗaya ya gagara. A cikin akwatin giyar taimako, wanda ke tura ƙarfi zuwa tayoyin gaba, wata giya ta karye. In ba ita, motar ba za ta hau ko tudun tururuwa ba, kuma Kawu ya ce jif da ba ta jan huɗu ai amalanke ce mai inji. Giyar haƙori ashirin da tara gare ta. Ya naɗe karyayyar a tsumma yana yawo da ita, har ta ɓula masa aljihu uku. Duk shagon da ya shiga sai a ƙirga, a ce babu.

Wata safiya yana shan shayi sai ga kiran Bakanike, abokinsa tun suna samari.

"Ba-Hanya, ajiye kofin nan! Na ga 'yar'uwar motarka a wajen mai tsofaffin ƙarafa. Yau za su yanka ta, babbar mota za ta kwashe kafin azahar!"

Da silifas ya fita. Suka tarar har an yanke rufin, mai wutar yanka ƙarfe na gyara tabarau. Ƙirarta ɗaya da tasa, kamar an tsaga kara. Kawu ya rungume mai wurin.

"Ɗan'uwa, don Allah ka tsai da wutar nan. Giya ɗaya nake so."

"Yi sauri, Baba. Ni nauyi nake sayarwa, ba tarihi ba."

Bakanike ya kwanta a ƙasa ya buɗe murfin akwatin. Ya yi wa haƙori ɗaya alama da alli, yana juyawa, Kawu na durƙushe yana ƙirgawa da ƙarfi. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar, ashirin da shida. Sai ga alli ya dawo.

"Sake juyawa."

Aka sake. Ashirin da shida.

"Ko ka ƙirga har gobe ba za ta haihu ba," in ji mai wurin.

Kawu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Bakanike ya fito, ya karɓi karyayyar giyar, ya juya ta, ya sake leƙa akwatin.

"Kai, tsaya. Wannan taka ba ta gajerun motocin nan ba ce. Ta dogaye ce. Wa ya taɓa sauya maka akwati?"

Kawu ya buɗe baki zai ce babu, sai ya dafe kai. Shekarar da suka dira kan dutse a tsakiyar rafi, akwatin ya fashe, suka ciro na wata doguwar mota da aka yasar a garejin ma'aikata, suka sassaƙa ƙarfe suka ɗaura. Da hannunsa ya ɗaure notin. Ya manta ƙaf.

Bakanike ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa. "Shekara uku kana neman haƙorin raƙumi a bakin jaki! Tsoho, wannan da ke gabanmu shi ne ainihin na motarka. Bar zancen giya, akwatin dungurungum za mu ɗauka!"

A daidai nan babbar motar ta shigo tana oda. Mai wuta ya kunna. Kawu ya haye gaban jif ɗin ya harɗe ƙafa.

"Bismilla, ɗana, yanka. Amma da ni za a auna."

Mai wurin ya yi faɗa, ya yi dariya, ya ce a fara loda sauran ƙarafan. Noti shida ne, duk tsatsa ta cinye su. Bakanike ya zuba musu baƙin mai, ya sa bututu a jikin sifana, leburori biyu suka taya shi dannawa. Na ƙarshe ya saki da wata ƙara kamar kukan akuya, akwatin ya sauko a kan buhu. Sai a lokacin Kawu ya sauka.

Bayan kwana tara suka fito da ita, ko fenti ba a fesa ba, jikinta dabbare-dabbare. Akwai wani kwari mai yashi a bayan unguwa, inda masu babur ke sauka su tura. Kawu ya gangara ciki, ya tsaya, ya ja ƙaramin sandan giya baya. Ta yi ƙas. Ya saki kuloci a hankali. Tayoyin gaba suka kafe a yashi, suka yi tono, motar ta ɗaga hanci ta haye tudun tana gurnani, Bakanike na ihu yana dukan ƙofa.

Suna kaiwa sama Kawu ya juya ta ya sake gangarawa.

"Ina kuma za mu?"

"Ban ji da kyau ba."

Sau biyar suka hau. A na shida mai ya ƙare a tsakiyar kwarin, sai da aka tara mutum takwas suka turo su gida, Kawu na riƙe da sitiyari yana yi musu oda.