Malam Mika'ilu Jaji, Mai Ban Kwana

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Mika'ilu a Ringim a shekarar 1971. Mahaifinsa Malam Jaji makiyayi ne da ya zauna wuri ɗaya ya kama noma, mahaifiyarsa kuwa Inna Hadiyya. Ya yi firamare a Ringim, sannan ya karanci kiwon lafiyar dabbobi, ganin cewa shanu ba sa musu da mai allura.

Aiki da Iyali

A 1996 ya kama aikin gwamnati a Dutse a matsayin malamin dabbobi, ya zauna a unguwar Yalwawa, inda ya auri Malama Hindatu a 1999.

Jinya

A bazarar 2013 ya wayi gari idonsa na hagu ya dushe, ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa. Bayan an sha rubutu an sha hayaƙi, likitoci a Kano suka tabbatar masa cutar Em-Es ce, wadda garkuwar jiki ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Suka ce za ta riƙa zuwa tana lafawa, ba wanda ya san ranar zuwanta. Daga nan ya daina yin alkawarin da ya wuce na yini ɗaya. Kullum da safe sai ya taka ƙasa ya ji abin da ƙafar ta ce kafin ya nemi takalmi.

Babban burinsa shi ne kada ya rasu bai yafi juna da danginsa ba, kuma yayansa Alhaji Tasi'u ya sallace shi. Saboda haka duk sanda ciwon ya kwantar da shi sai ya aika Ringim, dangi su ciko mota, a yi kuka, a nemi gafara. Bayan sati biyu sai a gan shi a kasuwa yana taya akuya. A zuwan ƙarshe Alhaji Tasi'u ya ce masa, "Mika'ilu, na yafe maka har abin da ba ka yi ba tukuna. Don Allah ka bar ni in yi shuka."

Rasuwa

A damunar 2024, lokacin da jikinsa ya fi kowane lokaci sauƙi, ya dawo daga sallar azahar da ƙafarsa, ya kishingiɗa, bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Maƙwabcinsu Mista Dung ya buga waya Ringim. Alhaji Tasi'u, yana tsakiyar gona, ya ɗauka irin kiran da aka saba ne, ya ce, "A gaishe shi, Juma'a zan leƙo."

An jira shi har bayan la'asar, sannan limamin unguwa ya sallaci gawar, aka kai ta makwancinta. Da dangi suka tabbatar da rasuwar, motar Ringim ta iso da magariba.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Fahad, Zakiyya da Ikrima. Allah Ya jiƙansa.