Fitilar da Na Haɗa a Kan Gwajin da Ba a Yi Ba

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da biyar, ina ajin ƙarshe a karatun gyara da ƙera na'urorin asibiti, kuma ni kaɗai ce mace a ajinmu. An turo ni Sokodé yin staji, wato koyon aiki kafin mutum ya rubuta memuwar, kundin da ake karewa gaban malamai a ba shi shaidar kammalawa. Ina da hannu a aikin waya da dalma. Kowa ya san haka, ni ma na sani, kuma sanin ne ya cuce ni. Ba na son a gyara mini, balle idan namiji ne mai gyaran.

Yayata ungozoma ce a wani ƙaramin dispanseri bayan Dapaong, a kan hanyar Mandouri. Ita ta ba ni labarin jariran da shawara ke kamawa kwana biyu ko uku da haihuwa, ido da fata su koma ruwan ɗorawa. Maganin shi ne a kwantar da jariri ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, amma su ba su da ita sai an je babban asibiti a gari, kuma iyaye da yawa ba sa son tafiyar saboda nisa da aikin gona. Nan take na ga abin da zan rubuta a kai. Zan haɗa irin wannan fitila da ƙananan ƙwayayen lantarki da ake samu a kasuwa.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce kafin in taɓa waya ko ɗaya sai na kawo masa shaidar cewa an gwada irin wannan fitila a kan mutane. Ya nuna mini shafukan intanet inda masu bincike ke yin rajistar gwajin magani ko na'ura a kan marasa lafiya, ya ce in riƙa karanta kowane shafi har ƙasa, in ga jarirai nawa aka gwada da abin da ya fito. Kwana uku ina lalube, sai na ci karo da wani gwaji na wata ƙasa mai nisa da ya yi daidai da abin da ke raina. A sama an rubuta cewa manufarsu su nuna fitila mai araha tana aiki kamar mai tsada. Na buga shafin farko a takarda. Na ga gurbin da aka ware wa sakamako babu komai a ciki, ban ɓoye wa kaina ba, amma na ce ai ba su sami sukunin sakawa ba ne.

Da na kai wa malamin takardar, abin da ya fara tambaya ke nan, ina sakamakon. Na ce masa manyan masu bincike ba za su sa sunansu a abin da ba su tabbatar ba. Ya ce rajista niyya ce kawai mutum ya rubuta, kuma ya gargaɗe ni kada fitilar ta kusanci jariri sai an auna ƙarfin haskenta da na'urar awo, wadda sai an aro daga Lomé. Na ce to. A raina kuwa na ce tsoho ne, tsoro ya yi masa yawa.

Fitilar ta haɗu a mako uku, kuma ta yi kyau, haskenta shuɗi shar. Da hutun Sallah ya zo na naɗe ta a kwali na hau mota zuwa Dapaong. Na gaya wa Yaya an gwada irinta a ƙasar waje an ga amfaninta, na miƙa mata takardar. Turancin Ingilishi ne, ita kuma Faransanci ta karanta, don haka ta juya ta sau biyu ta mayar mini, ta ce tunda ni na faɗa shi ke nan.

Bayan mako guda wata mata daga wajen Naki-Est ta haihu a dispanserin su Yaya, 'ya mace. A rana ta uku shawara ta bayyana. A da, Yaya takardar tura su gari take rubutawa ba tare da wani dogon tunani ba. Wannan karon ta kunna fitilata. Kwana biyu jaririyar tana kwance a ƙarƙashinta, kuma shuɗin haske yana ɓoye kalar fata, babu wanda ya ga shawarar tana ƙaruwa. Sai da ta daina kama nono, ta fara sanƙarewa tana wani kuka mai tsini, sannan aka ɗauke su a babur zuwa babban asibiti. Ta rayu. Likitan da ya karɓe ta ya sa aka kawo fitilar aka auna da na'urar da aka aro daga Lomé, ya ce ƙarfinta ko kusa da abin da ake buƙata bai kai ba, a ido ne kawai take da haske.

Da na koma Sokodé malamin bai ɗaga mini murya ba. Ya buɗe shafin nan, ya gangara can ƙasa inda ban taɓa kai idona ba, ya ce in karanta masa da bakina. An rubuta cewa ba a fara ɗaukar jarirai ba tukuna, kuma shekaru sun wuce babu wanda ya sake taɓa shafin. Gwajin da na jingina da shi ko jariri ɗaya bai gani ba. Ta farko da aka gwada a kanta ita ce 'yar matar nan, kuma ni na gwada.

Yarinyar yanzu ta shekara huɗu, kurma ce, ba ta ji. Likitoci sun ce ba za su rantse cewa kwana biyun nan ne sanadi ba, ni kuwa ban taɓa samun hutu a wannan maganar ba. Na sake memuwar a kan wani abu dabam, na kammala, ina aiki. Yaya ba ta taɓa ambata sunana a maganar ba, ta ce ita ta kunna.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ganin gwaji a rajista ba ya nufin an yi shi, kuma yin sa ba ya nufin ya yi nasara. Ɗalibai 'yan'uwana masu neman hujja don kundinsu, ku sauka har ƙasan shafi, ku duba ko an fara, ko an gama, ko an tsayar. In gurbin sakamako babu komai, to ba ku da komai a hannu. Kada ku kai abin da ba a auna ba inda mutane suka yarda da ku, domin yardar ce ke hana su tambaya.

Uwar yarinyar tana kawo gyaɗa kasuwar Dapaong. Duk lokacin da muka haɗu sai ta riƙe hannuna biyu tana sa mini albarka, tana gaya wa na kusa da ita cewa fitilata ce ta riƙe ran 'yarta har aka kai ta gari. Sau huɗu ke nan ina buɗe baki in gaya mata gaskiya, sai in ji na ce amin.