Faifai na Shida

Léontine Dubuisson mace ce da ba a taɓa jin wani ya ce tana da daɗin zama ba, ita ma ba ta nema ba. Shekara goma sha shida tana haska fim a wata ƙaramar silima a garin 'yan haƙar kwal na kudancin Beljiyam, a ɗan ɗakin majigi mai zafi kamar tanderu. Aikin na wanta ne, Prosper. Da Jamusawa suka tafi da shi fursunan yaƙi, ita ta riƙe injin. Ya dawo bayan shekara biyar ya tarar ta fi shi iyawa, mai silimar kuma ya ce ba ya canza hannu. Prosper ya koma silimar da ke bayan coci, tun daga nan ko a jana'izar uwarsu ba su gaisa ba.

Silimun biyu talakawa ne, kwafin fim ɗaya suke haya. Ta bayan coci ce ke riga farawa, duk faifan da ya ƙare sai mai tsaron ƙofarta ya kawo shi nan. Kowane faifai minti ashirin ne, in aka yi jinkiri allo ya yi fari.

Ran wata Lahadi da la'asar a 1956 aka kawo fim ɗin da gari ya daɗe yana jira, baƙi da fari, na wani attajiri da aka sace wa 'ya, wata murya a waya tana cewa ya kawo kuɗi ko ya karɓi gawa. Silima ta cika maƙil. Faifai biyar suka iso lafiya. Na biyar yana kan injin sai ga Prosper da kansa a bakin ƙofa, na shida a hammatarsa.

"Ajiye ka fita," in ji ta.

"Ko 'Yaya' babu? To ga shi nan, amma sai kin sauka kin gaya wa maigidanki kin bar aiki. A gabana."

"Ashe giyar rana ka fara sha."

"Ras nake. Minti bakwai ya rage miki, 'yar fashi. Kin san mutanen nan, in allo ya yi fari a fim irin wannan sai sun ɓalle kujeru, ke kuma a kore ki kamar karya. Zaɓi wadda za ki fita da ita."

"Da ka iya aikin ai da ba a ba mace ba."

Ya yi dariya. Ta tsane shi a lokacin, tsanar da ta fi ta kullum, don ta san gaskiya ya faɗa. Mai silimar ba zai tambayi laifin wa ba ne. In an kore ta a nan, sai dai wankin kayan 'yan kwal har mutuwa.

Faifan ya ƙare daidai inda uban yarinyar ya ajiye jakar kuɗin a ƙarƙashin gada. Allo ya yi fari fat. Ihu ya tashi, ana buga ƙafa, wani na cewa a jefo masa matar nan ƙasa. Léontine ta kunna fitilu, ta tura kai ta 'yar tagar majigi, ta ɗaga muryar da ko a ramin kwal za a ji.

"Kuna son ku ga ko yarinyar ta rayu? Tana hammatar Prosper Dubuisson, ga shi nan a matakala, ya ce ba zai bayar ba!"

Masu kallon ƙarti ne da suka yi kwana shida a ƙarƙashin ƙasa, suka biya kuɗinsu. Ba su tsaya jin ba'asi ba. Ta ji sawunsu a matakala, ta ji Prosper ya kira sunanta sau biyu, ba ta juya ba. Wani ya miƙo mata faifan, da jini a jikin gwangwanin. Ta goge da gefen riga, ta ɗora, ta kashe fitilu.

Prosper ya rasa haƙora huɗu da aikinsa, ya bar garin kafin hunturu. Ita ta yi shekara goma sha biyu a kan injin har aka rufe silimar. Kafin a rufe ta, da wasiƙa ta zo daga wani asibiti cewa Prosper yana neman ƙanwarsa, ta ce ranar akwai fim, ba mai riƙe mata. Da gaske ba mai riƙe mata ɗin, amma ko da akwai ba za ta iya haɗa ido da shi ba.